Tambaya da Amsa: Ina Ɗalibi Zai Sami Kansa a Cikin Zanen Kwamfuta?

Wasiƙun da suka taru a wannan fili a watan nan kusan dukkansu daga nan Zariya suka fito, kuma yawancinsu daga ɗaliban zane ne da iyayensu. Kowa da irin damuwarsa, amma duk abu ɗaya suke kewayawa: yaron da ke zane da kwamfuta ko da wayar hannu, da manhajojin da aka ƙirƙira a wasu ƙasashe, ta yaya aikinsa zai nuna asalinsa da tarbiyyarsa? Na zaɓi bakwai daga ciki, na taƙaita su, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a aji biyu, ina karatun zane a Samaru. An ba mu jinga cewa kowa ya tsara fosta da kwamfuta wadda za ta nuna ko shi wane ne, ba tare da ya sa hoton fuskarsa ba. Na sa dagin Arewa a tsakiya, na kewaye shi da raƙumi da ƙwarya da rawani da kalangu, na yi kwana uku ina gyaran launi. Malaminmu ya duba ya ce aikin ya yi tsabta, amma bai gan ni a ciki ba, kowa ma zai iya sa hannu a kai. Raina ya ɓaci ƙwarai. Shin waɗannan ba su ne al'adunmu ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki daure ki saurara, domin malaminki bai zalunce ki ba. Abubuwan da kika lissafa al'adunmu ne, babu musu, sai dai an tambaye ki ne ke wace ce, ke kuma kika ba da amsar da ta dace da Arewa baki ɗaya. Yaushe rabonki da ganin raƙumi a Samaru? Kalangu kuwa, ban da jin sa a wurin biki, kin taɓa riƙe shi? Shi dagin Arewa, tun da ya zama alamar Jihar Arewa a zamanin Sardauna, an sa shi a ƙofofin gidaje da jikin motoci da tambarin ƙungiyoyi da kalandu, har ido ya saba da shi, yana wucewa ta kansa ba ya tsayawa. Ina da yaƙinin ba ke kaɗai kika sa shi ba a ajinku, kuma idan ɗalibai goma suka kawo dagi goma, malami ba shi da hanyar bambanta fostar 'yar Tudun Jukun da ta ɗan Funtuwa.

Ba a kanki aka fara wannan matsala ba, kuma a garin nan aka taɓa yin muhawara a kanta wadda har yau ake karantarwa a tarihin zanen Nijeriya. A 1955 aka dawo da sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan zuwa Zariya, kwalejin da a 1962 aka gina Jami'ar Ahmadu Bello a kan harsashinta. Yawancin malaman Turawan Ingila ne, tsarin koyarwar ma irin na makarantunsu ne. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, wadda daga baya aka riƙa kiran 'ya'yanta 'yan tawayen Zariya. Sun ci gaba da koyon dabarun Turawa, amma suka nace cewa kowa ya waiwayi gida ya yi nazarin fasahar mutanensa da gaske, sannan ya haɗa ta da abin da ya koya a aji har su narke su zama abu guda. Uche Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, wanda mahaifiyarsa ta iya. Ya zauna ya koyi yadda layin ke tafiya, inda yake kauri da inda yake sirancewa, da yadda ake barin fili ya huta, har wannan ya shiga hannunsa, ta yadda ko mutum ya zana ko dabba sai an ga tafiyar layin nan. Ƙungiyar ba ta wuce 1961 ba, amma almajiransu da almajiran almajiransu sun cika makarantun zane na ƙasar nan.

Bambancin aikinsa da naki ke nan: shi ya zauna da abin har ya san shi, ke kuwa kin ɗauko alamomin da aka riga aka gama yankewa kin jera. Saboda haka shawarata ita ce ki rufe kwamfutar na mako guda, ki ɗauki fensir da ƙaramin littafi da wayarki, ki fara daga ɗakin mahaifiyarki. Dubi yadda ta yi jerenta, da launin faifan da take rufe ƙwarya da shi, da irin lallen da ƙanwar babanki ke zanawa wanda ko daga nesa kika gani kin san hannunta ne, da rubutun ajamin kakanki a bayan wani tsohon littafi idan akwai. Dubi hanyar da kike bi kullum da safe, abin da kike gani daga cikin Keke Napep tsakanin Kwangila da Samaru. Sannan ki shiga birni ta Ƙofar Doka ki bi lunguna a ƙasa, ki dubi sauran gidajen ƙasa masu zankwaye da zayyana a fuskar zaure, ki tsaya a ƙofar fada ki ƙirga launukan da ke jikinta. Ki nemi masu ɗinkin hannu, waɗanda birnin Zariya ya yi suna da su, ki roƙi ɗaya ya nuna miki yadda ake fitar da aska biyu ko aska takwas da alƙalami a jikin yadi kafin allura ta taɓa shi. Za ki ga cewa wannan mutumin yana warware matsalolin da ake koya muku a aji, na daidaito da nauyi da maimaici, ko da yake da wasu sunaye yake kiransu.

Akwai dalilin gaggawa ma a cikin wannan shawara. Masallacin Juma'a na birni, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, yana cikin gine-ginen ƙasa da masana suka fi yabawa a Afirka ta Yamma, saboda bakan gizonsa na azara da ƙasa da zayyanar cikinsa. A watan Agusta na 2023 wani sashensa ya rufta, har aka yi asarar rayuka, Allah ya jiƙansu. Gidajen talakawa kuwa damina da siminti suna cinye su a hankali ba tare da wani ya ba da labari ba. Ɗalibin da ya ɗauki hoton bango mai zayyana, ya auna shi, ya zana shi da kyau, ya yi wa kansa aiki ya kuma yi wa garin.

Idan kin tara abubuwa talatin, ki zubar da ashirin da bakwai. A nan ne ɗalibai suka fi jin ciwo, domin kwamfuta tana sauƙaƙa ƙari, kuma abin da bai ci maka kuɗi ba da wuya ka cire shi. Ki tuna cewa tutar Nijeriya ma ɗalibi ne ya zana ta, Taiwo Akinkunmi, yana karatu a Landan a 1959, kuma a zanensa na asali akwai jar rana a tsakiyar farin. Alƙalan gasar suka cire ta, aka bar kore da fari da kore. Daga cikin ukun da suka rage miki ki fitar da siffa ɗaya ki bi layinta a manhajar zane irin su Inkscape ko CorelDraw, ki tsamo launukanki daga hotunan da kika ɗauka da kanki maimakon waɗanda manhaja ta jera miki, kada kuma su wuce uku.

Abu na ƙarshe, kada ki ɗauka cewa sai tsohon abu ne yake zama asali. Idan a gidajen ma'aikatan jami'a kika tashi, kina kallon ƙwallo da yayyenki, kina zuwa Islamiyya da yamma, to, wannan ita ce ke, kuma ya fi miki ki zana wannan da ki aro ƙauyen da ba ki taɓa kwana a cikinsa ba. Kayan aro ba ya rufe katara. Ba kuma dole ba ne ki baje duk abin da ke cikin gidanku a fosta don neman maki. Abin da kika zaɓi ki sakaya saboda kunya shi ma yana cikin abin da aikin zai faɗa game da ke.

Tambaya: Malam, ni uba ne a Tudun Wada. Ɗana mai shekara goma sha shida ya duƙufa a kan zane da waya, yana zana mutane da fuskokinsu, har abokansa suna biyan sa. Yanzu ya ce zane zai karanta a jami'a. Ina tsoron abin da addini ya ce game da hoto, amma ba na so in kashe masa baiwa. Me kake gani?

Amsa: Alhaji, Allah ya saka da alheri da ka tsaya ka yi tambaya kafin ka ƙwace wayar. Damuwarka tana da tushe, domin hadisan da suka yi gargaɗi a kan suranta abu mai rai ingantattu ne, suna cikin Bukhari da Muslim. A cikinsu akwai labarin mutumin da ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas ya ce da suranta hotuna yake ci, ya gargaɗe shi, da ya ga hankalin mutumin ya tashi sai ya nuna masa cewa idan lalle sai ya yi, to, ya zana itatuwa da duk abin da ba shi da rai. Malamai sun yi saɓani a kan iyakar hanin. Sanannen ra'ayi a mazhabar Malikiyya shi ne cewa haramcin ya fi ƙarfi a kan sura mai jiki, cikakkiya, wadda ke da inuwa, kamar gunki, hukuncin zanen da ke shimfiɗe a takarda ko yadi kuwa bai kai nan ba. Wasu malaman kuma sun tsananta a kan duka biyun. Fatawa ta malamai ce, kuma Zariya ba ta rasa su ba. Ka ɗauki yaron ku je tare wurin malamin da ka amince da shi, ya ga ainihin abin da yake zanawa, ya ji amsar da kunnensa.

Abin da zan iya ƙara maka daga ɓangaren sana'a shi ne cewa zanen fuska ƙaramin sashe ne na wannan fage. A Jami'ar Ahmadu Bello, baya ga sashen zane, akwai sashen tsara kayan masana'antu, inda ake koyar da tsara rubutu da talla, da zanen yadi, da aikin tangaran. Mai tsara bangon littafi ko tambarin kamfani ko kwalin magani ko alamomin hanya a asibiti zai iya yin shekara talatin yana aiki bai zana ido ko hanci ba. Mu kuma muna da gadon da ya dace da wannan tun kafin kwamfuta. Ka tuna allon sauka da zayyanar da ake yi masa, da Alƙur'anin da alarammomi ke rubutawa da hannu, baƙi da baƙar tawada, wasali da ja, hamza da rawaya, da alamomin hizifi da sujada da ake ƙawatawa a gefen shafi. Wannan tsara shafi ne na ƙwararru, wanda aka gina a kan ƙa'ida, kuma yaron da ya zauna da alaramma ya koyi yanka alƙalami da fitar da baƙi zai shiga ajin tsara haruffa da abin da abokansa ba su da shi.

Kada dai a mayar da abin faɗa. Yaron da aka hana a fili yakan ci gaba a ɓoye, kuma a ɓoyen ne ba ka san abin da yake zanawa ba, ko wanda yake zana wa.

Tambaya: Malam, ina yin katin biki da fosta da waya a Sabon Gari. Duk lokacin da na rubuta ƙ ko ɗ ko ɓ, sai su koma akwati ko su canza kama, shi ya sa na daina sa su. Shin akwai laifi?

Amsa: Akwai, ɗana, kuma wata rana zai ja maka abin kunya. Na taɓa ganin katin ɗaurin aure da aka so a rubuta "manyan baƙi" aka buga "manyan baki", sannan aka jera sunayen dattawa a ƙasa. Kafa da ƙafa ba ɗaya ba ne, haka kara da ƙara, haka daidai da ɗaiɗai. Ƙugiyar nan tana cikin rubutun boko tun shekarun 1930, bayan an daɗe ana ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi, kuma a garin nan aka yi yawancin aikin daidaita rubutun: a Zariya aka fara shirya jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo lokacin fitowarta a watan Janairu na 1939, a nan kuma aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945. Waɗancan mutane da haruffan dalma suka yi aiki kuma ba su yar da ƙugiya ba, saboda haka ba ma da hujjar yar da ita yau da muke da waya.

Dalilin akwatin shi ne cewa samfurin haruffan da ka zaɓa ba a zana masa waɗannan haruffa ba, sai manhajar ta nuna gurbi ko ta aro daga wani samfurin. Yawancin samfuran ado haka suke. Ka nemi Noto Sans ko Noto Serif na Google, ko Charis da Andika, dukkansu kyauta ne kuma suna da su. Ka sa Hausa a cikin harsunan allon rubutun wayarka domin haruffan su zo da sauƙi. Kafin ka fara kowane aiki ka gwada samfurin da kalmomi irin su "ɓarawo", "ɗaki", "Ƙaura", manya da ƙanana. Idan kuma za ka kai aiki maɗaba'a, ka mayar da rubutun ya zama zane ko ka fitar da shi a PDF, domin kwamfutarsu ba lalle tana da samfurinka ba.

Tambaya: Malam, mahaifina Bayarabe ne haifaffen Sabon Gari, mahaifiyata Bazazzagiya ce. Idan na yi zane da kayan Hausa abokaina su ce ba nawa ba ne, idan na yi da na Yarabawa dangin babana su yi mini dariya. Wanne zan riƙe?

Amsa: Ɗana, wa ya ce sai ka saki ɗaya? Sabon Garin Zariya ya haura shekara ɗari, ya taso ne da zuwan jirgin ƙasa, kuma akwai gidajen da kakanni da jikoki duk a nan aka haife su. Mutumin da ya tashi yana jin Hausa a tsakar gida, Yarabanci a ɗakin kakarsa, Turancin buroka a kasuwa, ba rabin mutum ba ne, yana da abin da ɗan birni ba shi da shi, wanda ɗan Ibadan ma ba shi da shi. Uche Okeke da na ambata a sama a Kafanchan ya yi ƙuruciyarsa, Yusuf Grillo kuma ɗan unguwar 'yan Birazil ne a Legas, inda al'adu suka daɗe da cakuɗa.

Kuskuren da nake so ka guje wa shi ne raba takarda biyu, a sa hula a dama a sa filar Yarabawa a hagu, kamar fostar ranar haɗin kan ƙasa. A gidanku ba haka abin yake ba, a tukunya ɗaya ake dafa shi. Ka dubi wuraren da suka riga suka haɗu da kansu. Adiren Abekuta da rinin marinarmu dukkansu da shuni ake yin su. Babbar riga da agbada 'yan gida ɗaya ne, har aikin wuyansu yana kama da juna. Ka tambayi mahaifiyarka irin zanen da surukarta ta fara ba ta, ka ga ko yana nan a ƙasan akwati, ka fara daga nan.

Tambaya: Malam, na ce wa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta zana mini basaraken Zazzau a kan doki ranar hawan Sallah. Abin da ta fitar yana da kyau, amma mutumin ya fi kama da Balarabe a sahara. Zan iya gyara shi in miƙa a matsayin jinga?

Amsa: 'Yata, tambayoyi biyu ne a nan. Ta farko, me ya sa ya fito haka? Waɗannan manhajoji, waɗanda suka bazu a hannun jama'a daga 2022, sun koyi zane ne daga ɗimbin hotunan da ke intanet tare da bayanan da aka rubuta a ƙarƙashinsu. Inda hotunan suka yi yawa sukan ƙware, inda suka yi ƙaranci sukan cike gurbi da abin da ya fi kusa. Hotunan hawan Zazzau masu cikakken bayani kaɗan ne idan aka kwatanta da na Larabawa da Buzaye da Indiyawa, shi ya sa kika sami rawanin da ba namu ba. Manhajar ba ta san cewa rawani mai kunne biyu ba kowa ke naɗa shi ba, ba ta san amawali ba, ba ta san bambancin ɗan lifidi da dogari ba. Duk wani yaro da ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar hawa ya fi ta sanin waɗannan, kuma idan kika miƙa hoton, kin sa hannu ke nan a kan kuskuren da ke kanki kin gane.

Ta biyu ita ce ta amana. Idan malami ya ce ki zana, kika kawo abin da na'ura ta zana ba tare da kin faɗa ba, kin yi abin da mai kwafar amsa a jarrabawa ya yi. Ba na cikin masu cewa a guje wa manhajar gaba ɗaya. Tana da amfani wajen gwada tsari ko launi cikin sauri kafin a fara aikin gaske. Ki tambayi malaminki abin da ya yarda da shi, ki rubuta a fili inda kika yi amfani da ita, ki kuma ajiye zanenki na fensir da matakan aikin, domin su ne shaidarki ranar da aka yi shakka. Sallah mai zuwa kuma ki fita da wayarki ki ɗauki naki hotunan.

Tambaya: Malam, da aikin zane nake biyan kuɗin makaranta. Wasu kan kawo aikin da raina ba ya so: a canza maki a takardar sakamako, a ƙara wa amarya hasken fata har ta canza kama, ko a haɗa hoton ɗan siyasa da abin da zai zubar masa da mutunci. Idan na ƙi, wani zai karɓa. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗana, waɗannan uku ba matsayinsu ɗaya ba. Canza maki ko rasit ko shaidar biyan kuɗi jabu ne, laifi ne a dokar ƙasa, kuma ranar da asiri ya tonu wanda ya kawo aikin zai fara nuna wanda ya yi masa. Haɗa hoton ƙarya don ɓata sunan mutum ƙazafi ne, ko da linzamin kwamfuta aka yi shi, kuma lokacin zaɓe yana wucewa ya bar ka da mutanen garin da za ka ci gaba da haɗuwa da su a masallaci da kasuwa. Waɗannan biyu ka ƙi su kai tsaye, ba sai ka yi wa'azi ba, ka ce ba ka yin irin wannan aiki. Gaskiya ne wani zai karɓa, amma a gari irin Zariya labarin wanda ke karɓa da wanda ba ya karɓa ba ya ɓoyuwa, kuma makarantu da asibitoci da 'yan kasuwar da ke da aiki mai ɗorewa suna tambaya kafin su ba da.

Maganar amarya ta fi laushi, domin hotonta ne kuma ranarta ce. Abin da nake ba da shawara shi ne ka gyara hasken hoton yadda fatarta za ta fito da kyanta na asali, ka nuna mata wannan tare da wanda ta nema, ka bar ta ta zaɓa. Sau da yawa abin da ke damun mutane shi ne hoton ya yi duhu saboda rashin iya ɗauka, kuma idan suka ga an fitar da baƙar fata da sheƙinta sukan fasa. Sannan kada ka sa hoton amarya ko na kowace mace a shafinka na talla sai da izininta. Haka idan ka ɗauki zanen wani mai ɗinki ko mai lalle ka gina aiki a kai, ka nemi yardarsa ka kuma ambace shi. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana kare aikinka tun daga lokacin da ka yi shi ba sai ka yi rajista ba, kuma yadda take kare ka haka take kare wanda ka ɗauka daga wurinsa.

Tambaya: Malam, na yi fosta da shuɗi irin na rinin baba, a waya ya yi kyau sosai, da aka buga sai ya fito a dushe. Laifin mai bugawa ne?

Amsa: Da wuya ya zama laifinsa, 'yata. Fuskar waya da haske take haɗa launi, ja da kore da shuɗi, injin bugu kuwa da tawada huɗu yake haɗawa a kan takarda, kuma akwai launukan da haske ke iya fitarwa waɗanda tawada ba ta kai su, shuɗi mai ƙarfi yana sahun gaba a cikinsu. Tun farkon aiki ki sa manhajar a tsarin launin bugu, wanda take rubutawa CMYK, domin ki ga kusan abin da zai fito, hotunan da za ki sa kuma su kai ɗigo 300 a kowane inci. Ki sani kuma cewa sheƙin da kike gani a turkuɗi ko rawanin Ɗan Kura daga shuni da dukan mabuga yake zuwa, saboda haka takarda maras sheƙi ba za ta ba ki shi ba, sai dai mai santsi ta ɗan kusanta. Kafin ki biya kuɗin kwafi ɗari, ki sa a buga miki guda ɗaya a kan irin takardar da za a yi aikin da ita, ki fita da ita waje ki duba a hasken rana, ki ajiye ta kusa da ƙyallen da kike kwaikwayo.